Tsumma a Bakin Indararo

Yayana tsofaffin gidaje yake saye, ya gyara, ya sayar. Ni ne mai gyaran. Shi bai san bambancin siminti da toka ba, amma tun daga takun mutum yake gane mai saye. Ni kuwa rufi na sani. Shekara tara muna tare, ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Sai ya sayi wani gida mai rufin kankare a ƙarshen layi. Gida ne mai kyau, sai dai rufin ya tsattsage, silin falon duk tabon ruwa. Na hau na kankare tsohuwar kwalta, na bi tsagogin na cike, na shafa sabuwa har sau biyu. Kwana shida ina sama, rana tana gasa min ƙeya.

Akwai abin da Baba ya koya min, Allah ya jiƙansa. In ka liƙe rufi, sai ka cusa tsumma a bakin kowane indararo, ka jawo tiyo ka cika rufin da ruwa har idon sawu, ka bar shi kwana biyu. In silin bai jiƙe ba, sannan ka sauke tsaninka.

Yaya ya san haka sarai. Amma da ya same ni ina naɗe tsumma, sai ya ce, "Ajiye wannan. Jibi mai saye za ta zo, kuma jiya mai fenti ya gama falo."

"Yaya, ban gwada ba."

"Kai da gwaji kamar mai sayen takalmi! Rani ake fa. Wa zai ga yoyo kafin damina?"

"Wadda ta saya."

"Lokacin ai gidanta ne." Ya buɗe mota, ya waiwayo. "Ka zuba ruwan nan, hannunka ya bar aikina ke nan."

Raina ya ɓaci, na kuma tsorata, don duk abincin gidana daga aikinsa yake fitowa. Na daɗe tsaye da tsumman a hannu. Sannan na cusa shi, na kunna famfo. Ba zan ce duk tsoron Allah ne ba, har da taurin kai. Na yarda da aikina, so nake ya ga silin a bushe ya ji kunya.

Ranar ta zo. Mai sayen malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta shigo tare da dillali. Falo fes, sai warin sabon fenti. Yaya yana ta zuba, yana nuna mata tagogi, sai ɗigon ruwa ya sauka ɗis a kan tabaranta. Ta cire, ta ɗaga kai. Ga wani ɗigon yana taruwa a kusurwa.

"Ikon Allah," ta ce. "Ruwan sama da rani?"

Na ce, "Ni na zuba, Malama. Gwaji ne. Da alama akwai tsagar da na tsallake a gindin tanki."

Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta goge tabaranta da gefen mayafi. Ta yi mana sai anjima, kuma ba ta dawo ba.

Yaya bai ɗaga murya ba, hannu kawai ya miƙo na ba shi makullai. Ya ɗauki wani mai gyaran. Wata huɗu ina facin banɗaki da canjin famfo a gidajen mutane. In na je gaida Inna, wadda ke zaune a gidansa, na gaishe shi, sai ya ce "lafiya" yana kallon waya. Wannan ya fi rashin aikin yi min ciwo.

Damina ta sauka, aka kwana ana ruwa. Da safe ina shan shayi waya ta yi ƙara, na ga sunansa.

"Kana gida?"

"Ina gida, Yaya."

"Ɗakin Inna ne yake yoyo. A kujera ta kwana, katifar duk ta jiƙe. Ga shi tana tari." Ya ja numfashi. "Wancan sabon mai gyaran ne ya liƙe rufin watan jiya."

"Ya gwada?"



"Ya so ya gwada. Ni na ce ya bari."

Na ajiye kofin, na fara laluben takalmina da ƙafa.

"Ka taho yanzu," ya ce. "Ka taho da tsumman."