Ƙullutu a Nonon Kyanwata

Shekara arba'in ina ungozoma a ƙauyenmu kusa da Bukkuyum, don haka da na shafo ƙullutu a nonon kyanwata ban tambayi kowa ba. Na ce nono ne ya kwanta, kamar yadda yake yi wa masu jego. Ko tunawa ban yi ba cewa rabonta da haihuwa ya fi shekara biyar.

Ni da ita ne a gidan. 'Ya'yana maza sun bi haƙar zinariya, macen tana aure a Gummi, matan gari kuma yanzu asibiti suke zuwa haihuwa, Allah ya ba su sa'a. Idan na yi magana, kyanwar ce kaɗai ke ɗaga kunne.

Na dafa ruwa da ganyen darbejiya, na riƙa gasa mata wurin da tsumma safe da yamma, ina matsawa. Tana kuka ina yi mata faɗa: wadda ta haifi 'ya'ya sun fi talatin ce za ta yi mini raki? Kwana tara ƙullutun ya fashe, wari ya cika ɗakin. Ƙafarta ta baya ta kumbura kamar taɓarya, numfashinta ya koma sama-sama.

Ranar kasuwa na sa ta a kwando, na kai wa Ridwan, malamin dabbobi mai duba shanun Fulani. Aka yi ta dariya, wai tsohuwa ta bi layin shanu da kyanwa. Shi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana tattaɓa ta.

"Inna, wanga ba nono ba na, ciwon daji na," in ji shi. "Ya bi jiki, ya kumbura ƙahwar, ya kai har huhu."

"To gashin da niy yi mata hwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba shi ya kawo ciwon ba. Wahala dai ta sha."

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce akwai allurar da za ta sa ta barcin da ba farkawa. Na ce ban iyawa, na ɗauki kwandona.

Kwana uku ta ƙara. Da hantsi ta cika, kanta a kan ƙafata. Na naɗe ta a tsohon zane, na binne ta bayan rumbu.

Daga nan na share tsakar gida, na shimfiɗa tabarma biyu, na zauna. Na san ba a yi wa kyanwa zaman makoki, ban haukace ba. Amma na zauna.

Wajen la'asar Larai maƙwabciyata ta yi sallama. Har na gyara zama, na buɗe baki zan amsa gaisuwa.

"Inna Hure, baƙi za ki yi?" ta ce. "Rariya nika son ki ara min."

Na tashi na ɗauko mata.