Katin Manije

Mash Gurban bai zauna ba tun da suka iso asibitin da hantsi. Shekara hamsin yana gasa burodi a birnin Yazd, tsayuwa ba ta damunsa. Abin da ke ci masa rai shi ne sunan da aka rataya a gadon 'yarsa.

Golnar ce a kwance, ƙaramarsa, wadda mijinta ya rasu. Cikin da take ɗauke da shi na yayarta Manije ne da mijinta Behruz. Likitoci ne suka dasa mata, bayan su Manije sun shekara goma sha ɗaya babu haihuwa. Malami ya ce halal ne, tsohon ya haɗiye maganarsa. Amma asibiti sunan wadda ta haihu yake rubutawa a takardar jariri, don haka Behruz ya kwantar da Golnar da katin Manije.

"Kwana biyu ne, Baba," in ji Behruz. "Kowa haka yake yi. Ko so kake mu shekara muna zaryar kotu?"

"Ni na raɗa wa kowacce sunanta. Ban ce su riƙa aronsa kamar mayafi ba."

Bayan azahar likita ta fito da takarda a hannu.

"Namiji ne, lafiyarsa lau. Uwar ce jini ya ƙi tsaya mata. Mun aika a kawo jini irin wanda ke rubuce a katinta. In abin ya ƙi, sai mun cire mahaifa. Ina mijin? Ya sa hannu."

Behruz ya karɓi alƙalami. Tsohon ya damƙe masa wuyan hannu.

"Mijin wa?"

"Baba, don Allah, ba yanzu ba."

"Kai da ko launin gashinta ba ka taɓa gani ba, kai za ka ba da izini a yanka ta? Kuma jinin wa za su ɗura mata? Ran da aka yi wa Manije aiki, Golnar ta miƙa hannu a ɗiba, aka ce nasu bai zo ɗaya ba."

"Ai za su gwada kafin su sa."

"Kai ka gaya musu su gwada, sarkin dabara?"

Manije ta kama gefen rigarsa. "Baba, ka rufa mini asiri. In ka faɗa, ba sunana za a rubuta ba."

Ya dube ta. Ya san abin da ta sha a bakin dangin miji. Ya zare rigarsa daga hannunta, ya juya ga likita.

"Wadda ke ciki Golnar ce. Ba ta da miji. Ni ne ubanta. Katin nan na waccan ne."

Likita ba ta tsaya yi musu faɗa ba, ta koma ciki da gudu. Wata ma'aikaciya ta kawo sabuwar takarda, tsohon ya dangwala yatsa.

Ana kiran magariba aka ce jini ya tsaya, Golnar ta farka. Takardar jariri ta fito da sunanta a gurbin uwa.

"Shi ke nan, Baba, ka ba ta ɗana," in ji Manije.

"Gobe da safe zan raka ki kotu, mu nemi a sa sunanki."

Ya bar ta nan, ya shiga wajen Golnar.