Iskar Damtsen Dabo

…sau uku fa, Hure. Da kina raye da kin gani. Sau uku malaman jami'ar nan suna ɗaura mini abin a damtse, sau uku yana faɗin magana daban.

Ɗan akwati ne, bai fi na ashana ba. Wai yana leƙa tsoka, ya ga iskar da ta rage mata in mutum yana huɗa. Nawa arba'in da biyu. Aka sake, hamsin da takwas. Aka sake… talatin. To wanne ne ni?

Na Dabo kuwa sau ɗaya. Saba'in! Dabo ƙanina, da ni na koya masa riƙon garma yana kukan kanta a hannu. Har Furerarsa ta yi guɗa daga bakin gona. Guɗa, a kan akwati!

Malamar da ta zo da akwatin da kanta ta ce gumi yana ruɗa shi, man kaɗen da na shafa ma haka, kada a mai da shi alƙali. Wa ya saurara? Ga shi yau ana cewa gayyar Asabar Dabo ne zai ja gaba. Shekara goma sha tara ni ke jan gaba, Hure. Ke ce mai kawo mini fura, ganga tana kiran Sabo, Sabo… yanzu sunan wa za ta kira?

Kambun Baba suka sa na cire, wai ya tare wurin. Ko shi ne? Ko yunwa? Rumbu ya ƙare tun kafin shuka, sau ɗaya muke ci a yini. Amma ai Dabo ma sau ɗayan yake ci.

Ƙarya akwatin yake yi. Mai magana uku ba ya shaida, ko a gaban liman zan faɗa.

Sai dai… ga kunyoyin nan biyu a gabana, tawa da tasa, har gindin gawo. Tare muka kai ƙarshe, kowa ya gani. Ina haki, shi yana gyaran hula. A tsakiya ya tsaya, wai ƙota ta yi lako-lako. Na taɓa garmar daga baya. Lafiyarta lau.

Bara ma ya tsaya. Ƙaya, in ji shi. Bara waccan…

Tun yaushe Dabo yake jirana?