Mutumin da Ya Shige Ƙarƙashin Benci

Farfesan nan shi ya lalata mini 'ya, kuma a gaban idonsa na faɗa masa. 'Yata Auta tana zaune a ofishinta na banki, ga sanyi, ga kujera mai juyawa, manyan mutane na jiran sa hannunta. Ya je bankin ya yi musu lacca, ta dawo ta ce ta ajiye aiki, za ta koma jami'a ta karanta halayyar ɗan Adam. Na ce hali kuma? Halin mutum ai zama da shi ake yi a sani. Uwar 'ya'ya, ta koma rataya jaka kamar 'yar firamare.

Na bi su har asibitin da suke koyon aiki. Na tarar da Farfesa a baranda, ɗan tsamurmurin tsoho, ko kujera bai cika ba. Na ce masa ban yi boko ba, amma na san ɓarawo in na gan shi. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Zauna, Mama, ki faɗi duka." Wannan ma ya ƙona mini rai. Na zo da faɗa, an hana ni abokin yi.

Ina tsakiyar magana, wata ma'aikaciya ta saki farantin ƙarfe a ƙasa. Wani ƙaton mutum da ke layin ganin likita ya zabura ya shige ƙarƙashin benci, ya toshe kunnuwa, jikinsa na karkarwa. Matarsa ta kama ƙafarsa tana ja, wai ya daina kunyata ta. Wani ya ce a watsa masa ruwa.

Ni kuwa na san wannan kwanciyar. Haka mahaifin Auta ya koma bayan motar da yake tuƙi ta kife da fasinjoji. Ko murfin tukunya ya faɗi, sai a bayan ƙofa za a same shi, Auta tana ƙarama, ita ke kai masa abinci can. Mun je asibiti, aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce lafiyarsa lau. Maƙwabta suka ce lalaci ne. A haka ya mutu.

Sai ga Auta, ba gudu. Ta ce wa matar ta sake shi, ta sa mutane suka ja baya, ta zauna dirshan a kan siminti da fararen kayanta, a gefensa. Ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Yaya, faranti ne ya faɗi. Kana asibiti. Gaya mini launin takalmina."

Ta jira. Auta, da ba ta iya jiran ruwa ya tafasa. Can ya ce, "Baƙi." Ta tambaye shi me yake ji a tafin hannunsa, ya ce sanyin ƙasa. Ta riƙa jan numfashi a hankali yana bin ta, har ya fito da kansa ya zauna. Matarsa ta ce tun da ya yi haɗari ba a taɓa fito da shi ba sai da ja.

Ni na haifi yarinyar nan, ni na goya ta, ashe ban san ta ba.

Na tambayi Farfesa ko ciwon nan yana da suna. Ya ce yana da shi, kuma ana samun sauƙi. Na ce tun yaushe aka sani? Ya sunkuyar da kai, ya ce tun kafin a haifi Auta.

Auta ta dafa ni ta ce, "Inna, mu je gida." Na ce ba inda za ni. Na dubi Farfesa na ce, 'yata kam na bar muku, ku riƙe. Amma mijina ya ƙare rayuwarsa a bayan ƙofa, ilimin nan kuwa yana kwance a littattafanku. Ga ni a kujerarka, Farfesa. A nemo mini wanda ya ce lafiyarsa lau, ya zo ya gaya mini dalilin da ba wanda ya zauna a ƙasa kusa da shi.