Suna na Uku

Ƙwayar wake ɗaya Rayyanu ya ajiye a kan tabarmar mai gari, ya jera biyu a ƙarƙashinta, sannan huɗu, sannan takwas. Kafin layi na tara, wake ya cinye tabarmar.

An rufe jami'a saboda korona, shi ya sa ya dawo ƙauyensu na ƙasar Mayahi da lissafi fal kai. Ya shaida wa dattawa haka cutar ke tafiya, mai ita ɗaya ya shafa wa biyu. Sai ya ɗauke ƙwaya guda a layi na biyu, ya share duk zuriyarta da gefen hannu, rabin tabarma ya koma fili. Idan waɗanda suka fi cuɗanya da jama'a suka zauna gida mako uku, in ji shi, gari zai tsira.

Mai gari Na Allah ya ce to a nemo su.

Kwana biyar Rayyanu yana bi gida-gida, yana tambayar kowa mutum nawa ya haɗu da su jiya. Da ya haɗa lissafi a takarda, na farko mai gari ne da kansa, hannu sama da ɗari kullum a zaurensa. Na biyu liman. Ta uku Zara'u mai nono daga rugar bayan gari, wadda ke shiga gida arba'in a wuni. Ita ce ta raini Rayyanu da madarar saniyarta lokacin da nonon uwarsa ya ƙafe.

Mai gari ya duba takardar, ya naɗe samanta sau biyu, ya danne da babban yatsa, ya karanta wa jama'a abin da ya rage. Rayyanu ya buɗe baki, kawunsa ya taka masa ƙafa, ya rufe. Karatu dai akwai, zuciya ce babu.

Aka hana mutanen ruga shiga gari, aka hana su rijiya. A tsakiyar bazara fa! Wata rijiyar kuwa sai an yi tafiyar wuni.

Zara'u ta tare shi a bakin gona, ta tsaya nesa kamar yadda aka umarce ta.

“Ɗana, an ce kai ka gano ni a takarda. Ni ko atishawa ban yi ba.”

“Inna, ba ni ba ne, lissafi ne.”

“To ka gaya wa lissafin yau kwana biyu shanuna ba su sha ruwa ba.”

Huɗu daga cikin shanunta shida suka faɗi a hanyar rijiyar nesa. Zaure kuwa bai fasa cika ba, ana musafaha, ana shan fura da ludayi ɗaya. Cikin kwana goma aka binne dattawa uku. A ruga ko mai tari babu.

Ranar sadakar uku ta na ƙarshensu, Rayyanu ya tafi zaure da kwafin takardar a aljihu, ya rantse yau sai ya karanta ta daga sama. Mai gari ya riga shi. Ya kama hannunsa gaban jama'a, yana tari yana sa masa albarka.

“Lissafin yaron nan bai yi ƙarya ba. Mu muka makara, matar nan ta riga ta zuba mana. Kafin Juma'a a tashi rugar gaba ɗaya.”

Jama'a suka yi layi suna ba Rayyanu hannu. Takarda na aljihu, bai fito da ita ba. Da yake ba abin da ya iya sai lissafi, ya ƙirga hannuwan: sittin da uku.