Kaucin Ɗorawar Dogara

Dogara na ƙauyen Turawa mutum ne wanda ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba ƙarƙashinta. Gadonsa bai wuce gona ɗaya ba, sai ɗorawar da ke kan iyaka, wadda matarsa Hajo ke samun kalwar daddawa a jikinta duk shekara.

Da kauci ya kama babban reshen ɗorawar, maƙwabcinsa na gona, Ƙasimu, ya zo da zarto a hammata. Ƙasimu ya yi shekara shida yana aiki a gandun dajin En'e na Karaye, inda wani Bature ya koya musu datse itace.

"Barka da aiki, Malam Dogara. Kaucin nan zai shanye ɗorawarka. Bari in cire reshen yanzu da rani. Sai a fara tsagawa ta ƙasa, sannan a yanka ta sama, kada nauyinsa ya yage ɓawo."

Dogara ya dubi ɗorawar, ya dubi inuwarta da ta kwanta kan gonar gyaɗar Ƙasimu. To, ashe nan aka dosa! Wa ya taɓa jin an sari itace ta ƙasa, in ba kashe shi ake so a yi ba?

"Na gode, Malam Ƙasimu. Zan duba."

Bai duba komai ba. Ya ƙudurta duk abin da Ƙasimu ya faɗa, akasinsa zai yi. Ya bari sai da damina ta kankama, ya hau da gatari, ya dinga sara ta sama. Reshen bai jira ya gama ba, ya ɓalle, ya salluɓe ɓawo tun daga sama har gindi. Ruwa ya yi ta shiga raunin, ruɓa ta biyo baya. Wallahi abin da ban tausayi, itacen da kakansa ya yi rainonsa, damina biyu suka gama da shi.

Gyaɗar Ƙasimu kuwa ta samu rana, ta yi kyau fiye da ko yaushe. Dogara ya dawo gida yana huci, ya tarar da Hajo tana wanke kalwar da ta sayo a kasuwar Rogo.

"Kin gani ko? Tun farko na ce miki ɗorawar nan yake so ya kashe."

Hajo ba ta ɗago kai ba.

"Malam, gatarin wa ya sare ta?"