Maɓalli Mai Huji Huɗu

"Sake karanta min wurin nan," in ji Kaka. "Kuma ki daina yi min ihu, jikata ce kurma, ba ni ba."

Mai binciken ta gyara zaman tabaraunta. "Mama, takardar cewa ta yi yarinyar ba ta kai ga rarrabe abubuwa gida-gida ba tukuna. Ba zagi ba ne, sakamakon gwaji ne."

"To gwajin ƙarya yake yi, shi da wanda ya aiko shi."

"Inna, don Allah," ɗanta direba ya ce, yana murza biro a hannu. "Ofishin mutane ne fa."

"Ai na ga ofis ne, ban ce kasuwa ba ce. Ajiye biron nan kafin in ajiye maka shi a hanci."

Yarinyar da ake wannan ɗauki ba daɗi a kanta tana zaune a ƙasa tana wasa da igiyar takalminta. Mage ake ce mata, saboda ba a jin shigowarta sai dai a ga mutum. Shekararta shida, kuma tun da ta zo duniya ko tsawa ba ta taɓa firgita ta ba. Uwarta tun safe take tafiya masana'anta, ubanta kullum yana kan titi, saboda haka a ƙarƙashin keken ɗinkin Kaka ta girma. A nan su biyu suka ƙera maganarsu ta hannu, wadda ba wanda ya iya sai su. In an ja kunne, almakashi ke nan. In an kumbura kumatu aka riƙe ƙugu, matar maƙwabci ce ta zo aron zare, kuma duk wanda ya san matar zai ce an yi mata adalci.

Wannan cibiya kuwa aikinta binciken yadda harshe da tunani suke girma a kan yara kurame, kuma da takardarta makarantar kurame take raba aji. Takardar Mage ta tura ta ajin masu jinkirin fahimta. Sa hannun uba kawai ya rage, ran Litinin a fara karatu.

Kaka ta ga gwajin da idonta makon jiya. Sun zaunar da ita a bayan gilashi, suka ce kada ta motsa ko ɗan yatsa, wai za ta gurɓata musu bincike. Wata budurwa ta zube maɓallai a kan tebur, ja da shuɗi da rawaya, ta yi wa Mage magana da hannu irin ta makaranta. Mage ba ta san wannan ba, amma ta san maɓalli. Kafin budurwar ta gama danna agogonta, yarinya ta yi tuli biyu, ta ture ƙwaya ɗaya gefe, ta kakkaɓe hannu. Kaka har ta fara washe baki, sai ta ga budurwar ta girgiza kai ta rubuta wani abu gajere.

"An so ta raba su launi-launi," mai binciken ta ce. "Ita kuwa ta cakuɗa ja da shuɗi da rawaya, har ta bar ɗaya ba ta san inda za ta sa shi ba."

"Kun ɗauki hoto ranar, na gani. Fito da shi."

Aka fito da hoton daga cikin fayil. Kaka ta dangwala yatsa a kai har sai da takardar ta lanƙwashe.

"Ke mai ido huɗu, ƙirga min hujin maɓallan wannan tulin."

Mai binciken ta sunkuya. "Biyu... biyu... wannan ma biyu."

"Wancan fa?"

Mai binciken ta cire tabarau, ta goge da gefen riga, ta mayar. "Huɗu. Duka huɗu."

"Shi kuma na gefen, wanda kuka ce ta rasa gidansa, duba bakinsa. Ya tsage. Wa zai ɗinka wa mutum tsagaggen maɓalli? Shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa ganin telan da ya fara tambayar maɓalli launinsa ba. Huji ake dubawa, shi ne yake gaya wa allura inda za ta bi. Tun tana shekara uku take ware min gwangwanin maɓallaina haka, ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Kun ba ta aikin jarirai ta yi muku na manya, kuka ba ta sifili!"

Gaskiya dai matar ba muguwa ba ce. Ido ya kawo mata ruwa don murna, har ta manta ana faɗa da ita. "Mama, wannan babban abu ne! Yarinyar da ba ta shiga aji ba... Ki bari mu zo gida mu ɗauki bidiyon maganarku ta hannu, irin wannan muke nema."

"Madalla. Fara gyara takardar."

Murnar ta koma ciki. "Ba na iyawa. An riga an shigar da maki, kuma ƙa'idar gwajin launi take nema. Ba a maimaita wa yaro sai bayan wata shida, tunda ya riga ya ga kayan. Zan dai iya rubuta bayani a ƙasa."

"A ƙasa! Inda ba mai karantawa sai ɓera."

"Inna, mu sa hannu kawai," direba ya ce a hankali. "Ta shiga tukuna, in ya so daga baya a gyara. In muka rasa gurbin nan sai baɗi."

Kaka ta juyo gaba ɗaya, kujera ta yi ƙara. "Kai, tambaye ta ko tana jin yunwa."

"Inna..."

"Ga ta nan, 'yarka ce. Tambaye ta."

Ya ɗaga hannu, ya tsaya da shi a sama kamar mai tsayar da mota, ya sauke.

"Ka gani? 'Zo' da 'bari' kaɗai ka iya, abin da ake gaya wa akuya. Shekara shida! Amma hannun da ya kasa gaishe ta shi ne zai yi saurin rubuta cewa kanta ba ya ja. In aka zaunar da ita shekara guda ana koya mata ja da shuɗi, wa zai biya ta shekarar? Kai?"

"Abin da bincikenmu yake nunawa ke nan," mai binciken ta sa baki. "Ba kunne ne yake jinkirta yaro ba, rashin mai yi masa magana ne."

"Au, kin sani? Kin sani kika kulle mai yi mata maganar a bayan gilashi kamar kifi?"

Sai aka ja zanen Kaka. Mage ce, tana nuna ƙirjin mai binciken da leɓe. Ta ɗaga yatsu huɗu, huɗu, huɗu, sannan biyu, ta yamutsa fuska.

"Me ta ce?" in ji uban.

"Je ka koya ka ji." Amma bakin Kaka bai iya riƙe abu ba. "Cewa ta yi maɓalli na huɗu a rigar malama bare ne, wanda ya ɗinka shi a karɓe masa allura. Rubuta wannan ma a ƙasa."

Mai binciken ta dafe ƙirji. Kaka ta zare takardar daga gaban ɗanta, ta ninke ta huɗu, ta cusa a jaka.

"Mama, ta ofis ce!"

"Takarda mai kauri ce, za ta yi min ma'aunin wuyan riga. Ran Litinin ni da ita da gwangwanina za mu je gaban shugaban makarantar, ya zube su da kansa ya gani. Ranar da kika gyara ƙaryarki, ki zo da bidiyonki, kina iya tahowa da rigar ma."

Ta kama hannun Mage, ta bi ta gaban ɗanta ko kallo bai ishe ta ba, ta fita ta maka ƙofar da ƙarfin da sai da maɓallan gwajin da ke kan tebur suka yi tsalle a cikin farantinsu.